Da Sauƙi, Inna

A ƙarshen layin masu walda, inda kwata ta karya kwana ta bi bayan tashar mota, akwai wata rumfar kwano da injin niƙa a cikinta. Matar da ke da injin kowa Inna yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Shekara da shekaru tana tsaye a kansa, gari ya zauna mata a gira, ƙara kuma ta cinye mata rabin kunne. In za ka yi mata magana sai ka ɗaga murya, in ka ɗaga kuma ta ce ka daina yi mata ihu, ita ba kurma ba ce. Amma wannan kunnen da ba ya jin sallamar maƙwabci, shi ne yake jin bel ɗin injin zai tsinke tun kafin ya tsinke. Sai ta kashe inji ana tsakiyar niƙa, mata suna ta tsaki a layi, ta ce su yi haƙuri, muryarsa ta canja.

'Ya'yanta da suka rayu biyu ne. Akwai babbar, wadda ta yi aure a wata unguwa, sai kuma Auta, wanda wannan labari nasa ne, kuma ba labari ne mai tsawo ba.

An haifi Auta a shekarar da ubansa ya kwanta ciwo. Uban magini ne, mutum mai shiru-shiru. Ya yi watanni a kwance, duk wanda ya zo dubiya ya ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Da sauƙin nan ya faɗa da safen ranar da ya cika. Masu gaisuwa suka yi ta yaba haƙurinsa, Inna kuwa ta tattara wannan yabo ta adana wa jaririnta a matsayin gado, don ban da cokalin gini da guduma, marigayin bai bar komai ba.

To, kowa ya san halinmu. In an tambayi majiyyaci jiki, amsa ɗaya ce, ko da da cokali ake ɗiga masa ruwa a baki. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne da godiyar Allah, kuma mai tambayar ba kalmar yake saurare ba, yadda aka faɗe ta yake saurare. Sai dai Inna ta kai abin inda ba a kai shi.

Auta yana ɗan shekara shida ya kai hannu kusa da bel, bel ya kwashe masa farce da fatar yatsu biyu. Washegari wata maƙwabciya ta kawo niƙa, ta gan shi a zaune da hannu a naɗe, ta ce masa ya jiki. Yaro ya faɗi gaskiyarsa, ya ce zafi yake masa, babu sauƙi. Inna ba ta jin sallama, amma wannan ta ji shi tsaf. Ta zagayo ta bayan inji ta make masa baki da bayan hannu.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ta ce. "Ɗan gidan nan ba ya cewa babu sauƙi. Ubanka har ya koma ga Allah ba a ji shi ya yi raki ba. Maimaita mata."

Auta ya haɗiye kuka, ya dubi maƙwabciya ya ce da sauƙi. Matar ta ji kunya ta ɗauki garinta ta tafi. Tun daga ranar ba a sake jin waccan magana a bakinsa ba. Tare da wannan darasi Inna ta koya masa wani: in babba ya shigo inda kake, ka miƙe, ko da ƙafa ɗaya gare ka.

Ya yi ƙyanda, ya yi zazzaɓin cizon sauro ba adadi, ya karya hannu a wajen ƙwallo, kuma a duk ciki amsarsa ɗaya ce. Amma Inna ta san kala-kalar amsar. Akwai gajeriya mai dariya a ƙarshe, wannan sauƙin gaske ne. Akwai wadda yake ja kamar ana janyo guga daga rijiya, wannan ciwo ne, sai a nemo magani. Akwai kuma wadda yake sa wa alhamdulillahi a gaba, wannan in ta ji ta, kashe inji take yi ta goya shi sai asibiti. Don haka kalmar ba ta taɓa cutar da shi ba, muddin kunnen Inna yana kusa.

Ya tashi siriri mai dogon wuya, ga barkwanci kamar me. In ya dawo daga makaranta shi yake sauke wa mata kwanuka, yana kwaikwayon yadda kowace take ƙorafin an cinye mata gari, su bi shi da zagi suna dariya. Yayarsa takan ce Auta ko a gidan makoki sai ya sa an yi murmushi. Ya gama sakandare, ya nemi aiki nan da can, ƙafa ta gaji, ya dawo rumfa yana zuba hatsi a bakin inji.

Ana nan sai yaƙi ya ɓarke a wani yanki na ƙasar, a rediyo kuwa ya fara zuwar musu. Daga nan sai aka fara ganin baƙin fuskoki a tasha, mata da ƙunshin kaya a ka, ba su san inda za su ba. Sai kuma aka manna sanarwar ɗaukar sababbin sojoji a jikin bangon masu walda. Auta bai tunkari Inna da maganar shiga soja ba, ta hannun yayarsa ya biyo, kamar yadda mai tsoron kare yake aika ɗan gida. Inna ta ce ga inji nan, wa zai gaje shi? Auta ya ce inji ɗaya ba ya ɗaukar masu gida biyu. Ta yi fushi, ta daina cin abincin da ya sayo. Daga baya ta sauko, don uwa ba ta iya barin ɗa ya tafi babu albarka. Ranar tafiya ta dafa kansa ta ce ya riƙe salla, ya girmama na gaba, kada kuma ya zama mai raki a cikin maza. Da ta san abin da take ɗaure masa a wuya, da ta tsaya a kan na farkon.

Sau ɗaya ya zo gida bayan horo. An aske masa kai ƙwal, kunnuwa sun fito waje, takalman sun yi masa yawa har sai da ya cusa tsumma a ciki. Matan layi suka ce yau soja ne zai sauke musu kwano, ya ƙame ya sara musu ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta yi dariya ba. Kallon wuyan nan siriri kawai take yi, yana yawo a cikin kwalar kaki.

Abin da take tsoro harsashi ne, amma Auta bai taɓa harbin kowa ba, ba a kuma taɓa harbinsa ba. An kai rukuninsu wani gari da mutanensa suka gudu, aka sauke su a makarantar garin, aikinsu gadin wata gada. Hanyar da ke zuwa wurin ba ta da aminci, sai an haɗa ayari da rakiya mota take shigowa, ta kawo abinci ta koma. Layin waya kuma ba ya samuwa sai a tagar wani aji a saman bene. Nan Auta yake tsayawa ya kira ta, ita kuma ta kashe inji, ta toshe kunne ɗaya da yatsa.

Labarinsa duk na dariya ne. Akwai wani Kofur mai tumbi da ya ɗauke shi kamar ƙane, yana yi masa faɗa yana kuma ajiye masa burodi. Akwai allon da har yanzu lissafin yara yake rubuce a jiki, babu wanda ya iya gogewa. A tsakiyar hira ne, kamar ba komai ba, ya ce ruwan rijiyar makarantar yana wari, ƙwayar tsabtace ruwa da suke jefawa a ciki ta ƙare, ana dai tacewa da hula a sha. Wani kiran ya ce an ware aji ɗaya don masu ciwon ciki. Kiran da ya biyo baya ya ce ajin ya zama biyu. Inna ta ce ya riƙa tafasa ruwa. Ya ce to, amma itace ma sai an fita daji, daji kuma ba a fita yadda aka ga dama.

Sai ranar da ya kira muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi. Ya ja ta, irin jan nan na guga. Inna ta koma ta tada inji, amma ranar sau biyu tana zuba wa wata garin wata.

Kira na gaba ba muryarsa ba ce. Wani ne mai kauri a murya ya yi sallama, ya ce shi ne Kofur, kada ta tsorata, yaron yana da rai. Daga nan ya zayyana mata yadda abin yake. Masu ciwo suna kwance a tabarmi a ajin nan na sama. Likita ɗaya ne, dattijo, mutumin kirki, ba ya barci, magani kuma ya kusa ƙarewa. Ba Bahaushe ba ne, a bariki ya tsinci 'yar Hausarsa. In mota ta zo, mutum kaɗan take iya ɗauka zuwa babban asibiti, don haka likita yakan bi tabarma-tabarma yana tambaya yaya jiki. Wanda ya kasa ɗaga kai, ko ya ce ciwo ya ƙaru, sai ya ja masa layi da alli a gefen tabarma, a ɗauke shi.

"To shi yaronki, Inna," in ji Kofur, "da ya ga likita ya shigo sai ya dafa bango ya miƙe. Ya sara masa. Likita ya tambaye shi, ya ce da sauƙi. Mota ta zo ta tafi ba da shi ba."

Inna ta ce shi Kofur ba shi da baki ne? Kofur ya ce ya yi magana, har ya yi ta maimaitawa cewa a wurinmu ko mai shirin cikawa haka yake cewa. Likita ya ce kowa abokinsa yake roƙa wa, to wa zai bari? Mutumin da ya tsaya da ƙafarsa ya ce da bakinsa ya ji sauƙi, ta yaya zai ɗauke shi ya bar wanda ba ya iya juya wuya? Kuma in za a faɗi gaskiya, likitan bai yi ƙarya ba. Kofur ya ce mota za ta sake zuwa nan ba da jimawa ba, bayan ita kuma damina za ta cinye hanya, babu wanda ya san ranar da wata za ta shigo.

Ta ce a ba Auta wayar. Ta ji ana jan tabarma zuwa bakin taga, ta ji numfashi.

"Auta, ya jikin?"

"Alhamdulillahi, Inna. Da sauƙi."

Ta zauna a kan buhu. Ba alhamdulillahin kaɗai ba, akwai wani abu a ƙarƙashin muryar, wani sanyi da laushi da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Sau ɗaya ta taɓa jin irinsa, a bakin ubansa.

"Ka saurare ni da kyau," ta ce. "In likita ya shigo, kada ka tashi. Ka yi kwanciyarka. In ya tambaye ka, ka ce masa babu sauƙi."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Inna, ke ce kuwa? Ko an canja mini uwa?"

"Ni ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi in ji."

"Inna, akwai waɗanda suka fi ni jin jiki. Na kusa da ni 'ya'yansa huɗu."

"Ban haifi na kusa da kai ba. Faɗi in ji, na ce."

"To, Inna. Zan faɗa."

"Yanzu nake so."

Ta ji ya ja numfashi, ta matse wayar a kunne har ya yi zafi. Sai layi ya ɗauke. Ta kira, ta sake kira, wata murya tana ce mata ba a samun lambar.

Daga ranar Inna ba ta sake tada inji ba, don kada waya ta yi ƙara ba ta ji ba. Mata suka zo da kwanuka suka koma da su. Layin da ya saba da ruri tun safe ya yi tsit, har masu walda suka riƙa ɗaga kai suna duban rumfar kamar an yi rasuwa a ciki. Yayar Auta ta dawo gidan da goyonta. Suka je ƙofar barikin garinsu, mai gadi ya saurare su da ladabi, ya ce za a isar da saƙo, su koma gida su yi addu'a. Suka koma. Wayar tana kan murfin inji, an jona ta da wuta, Inna tana zaune a gabanta kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Wata rana maƙwabciyar nan, wadda yanzu ta tsufa, ta leƙo ta ce ya jikin yaron. Kafin Inna ta ankara bakinta ya riga ta, ta ce da sauƙi. Tana jin abin da ta faɗa ta kai hannu ta make bakin nata. Nan tsoro ya kama ta sosai. Ita da ta ba da umarnin, da hankalinta da lafiyarta, ta kasa. To ina ga yaron da ta tanƙwara tun yana ɗanye, yanzu ya bushe a haka, ta ce ya miƙe a rana ɗaya? Da la'asar hadari ya haɗu, aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kwata ta cika ta shigo rumfa. Inna ba ta ɗaga ko buhu ɗaya ba, tunaninta yana kan wata hanya da ba ta taɓa gani ba.

Mutum biyu ne suka kawo labarin, cikin kaki mai guga, da hantsi. Suka cire hula, suka ce ciwo ne, an yi masa sutura a can, ya rasu yana bakin aikin ƙasa. Bai cika shekara ashirin da ɗaya ba. Yayarsa ta faɗi tana kuka. Inna ta yi salati, ta yi musu godiya, ba ta tambaye su komai ba, don abin da take son sani ba su ne za su san shi ba.

Sai bayan damina ta ja baya wani mutum ya yi sallama a bakin rumfa, da jaka a hannu. Kaki yana reto a jikinsa, babu tumbin da aka ba ta labari, amma daga muryar ta gane Kofur ne. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ya ajiye jakar a gabanta. Ba ta dubi jakar ba.

"Ya faɗa?" ta ce.

Kofur ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce da safen da mota ta zo, yaron bai tashi ba, ya kwanta kamar yadda ta ce. Shi Kofur yana tsugunne a gefensa, yana taɓa masa ƙafa don ya tuna. Likita ya iso, ya durƙusa, ga furfura, ga idanu jajur don rashin barci. Ya ɗora masa hannu a goshi, ya ce yaya jiki, yarona. Kofur ya ce ya ga leɓen yaron yana rawa, ya ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, wallahi ya yi ƙoƙari. Na kusa da shi kuma yana ta nishi. Sai yaron ya dubi fuskar dattijon nan, ya yi murmushi, ya ce da sauƙi, yallaɓai.

An kuma yi rashin sa'a, in ji Kofur, a safiyar nan zafin jikin ya sauka, goshin ya yi sanyi. Likita ya ɗauka alamar warkewa ce, har ya ji daɗi, ya dafa masa kafaɗa ya wuce. Kofur ya bi shi har ƙasan bene yana roƙo, amma mota ta riga ta cika. Suna ji ta tashi, suna jin ƙararta har ta haye gada.

Da azahar cikin yaron ya ƙame kamar katako. Likita ya dawo a guje, ya taɓa, ya zauna a ƙasa ya dafe kai, don ya gane sanyin safen nan ba na warkewa ba ne, kuma babu abin da zai iya yi a ajin makaranta. Wajen la'asar yaron ya yafito Kofur da yatsa, Kofur ya kai kunne.

"Ya ce mini, Kofur, babu sauƙi. Ya huta, ya sake cewa babu sauƙi, a hankali, kamar mai koyon karatu. Sai ya ce, ka ji na faɗa ko? Na ce na ji. Ya ce to ka gaya wa Inna na faɗa, kada ta ce na ƙi jin maganarta." Kofur ya share fuska da hula. "Kafin rana ta faɗi ya cika. Saƙon ke nan, Inna. Shi ya kawo ni."

Inna ta daɗe tana gyaɗa kai. Baƙin cikin da ta danne tun ranar da masu kaki suka zo ya taso mata gaba ɗaya, har Kofur ya zaci ba ta ji ba, ya buɗe baki zai maimaita da ƙarfi. Ta ɗaga masa hannu.

"Na ji," ta ce. "Allah ya yi masa albarka. Ai Auta bai taɓa ƙin jin maganata ba."

Sannan ta kifa fuska a cinyarta ta yi kuka mai sauti, a gaban baƙo, a bakin layi, masu walda suka ajiye ƙarafunansu suka tsaya.